Igiyar da Hajo Ta Yanke a Birnin Zubi

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ɗaga sama, Ya buɗe abin da Ya ga dama, Ya rufe abin da Ya ga dama. Ya ku baƙin da hanya ta jefo zauren nan, ku sauke kaya, ku sha ruwa, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Barmo ɗan Cindo, mutumin Rafin Gawo, wanda ya yi fatauci da jaki har furfura ta cim masa a kan hanya. Kun tambaye ni igiyar can da ke rataye a bango, kuka ce ta mece ce. Kada kowa ya taɓa ta tukuna, sai kun ji yadda aka yi ta zo nan.

Ina saurayi na sauka a wata kasuwar bakin kogi, inda fatake ke haɗuwa da mutanen da ba a san garinsu ba. Ciniki ya ƙi, na koma gindin wata tsamiya na ciro sarewata ina busa don haushi. Abin da ya zo bakina shi na busa. Ban taɓa busa shi ba kafin ranar, ban kuma sake samo shi ba bayanta. Da na ɗaga kai sai ga wata budurwa tsaye da ɗan gora a hannu, ta saita bakinsa wajena kamar mai taran ruwan indararo. Ta yi dariya, ta toshe goran, ta tafi abinta. Sunanta Hajo. Da shekara ta zagayo sai ta dawo kasuwar da ƙunshin kayanta da wani dattijo da ya tsaya mata waliyyi, aka ɗaura mana aure, na kai ta Rafin Gawo.

Ba mu daɗe ba hakiya ta fara cin idonta. Wata rana bakinta ya suɓuce, ta ce a garinsu, Birnin Zubi, duk matan gidansu da wannan ciwo ake haifarsu, kuma suna da maganinsa. A ranar na ɗaura wa jaki mangala. Ta ce ko taki ɗaya ba za ta yi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi fushin da har na ƙi cin tuwo, ta ce in na gama fushin tuwon yana nan a rufe. Haka ta makance ina kallo. Ta haifi 'yarmu Kyallu, ba ta taɓa ganin fuskarta ba sai da tafin hannu. Takan ce in busa mata abin da na busa a gindin tsamiya, in gwada in kasa, ita kuwa ta ce, "Bar shi, Baban Kyallu, kada ka wahalar da kara. Ni na adana nawa."

Hajo ta rasu a shekarar da Kyallu ta zama budurwa, na soke sarewar a jinka ban ƙara waiwayarta ba. Ina cikin wannan ɗacin ne wata rana yarinyar ta miƙo mini allura ta ce in zura mata zare, wai hasken wurin ne bai isa ba. A tsakar gida muke, rana tsaka. Na dubi idonta na ga farin nan da na sani ya fara tsirowa a gefe. Wannan karon ban tambayi kowa ba. Na aza ta kan jaki muka yi gabas, na rantse ba zan bari idon nan ya mutu ba alhali akwai magani a wani wuri.

Bayan mun ƙetare dazuzzukan da ba su da suna, muka faɗa wani gari da ake kira Ba-Ƙyaure. A can babu ƙofa, babu murfi, babu nawa babu naka. Mace na cikin dahuwa sai mai wucewa ya leƙa tukunyarta ya ƙara gishiri, na bayansa ya ƙara ruwa, wani ya zo ya zuba zuma don shi zaƙi yake so. Da yamma kowa ya ci ya yamutsa fuska, ba a san wa za a zaga ba. Kafin in gama gaisuwa wani ya kwance wa jakina mangala ya ɗaura ta baibai, wai haka ta fi masa kyau.

Dariya nake yi har sai da suka lura da idon Kyallu. Nan take suka yanyame ta, wannan da toka, wancan da dakakken barkono, wata tsohuwa da tsinke. Na ce su ja da baya, 'yata ce. Tsohuwar ta ce, "Kai baƙo, a garin nan ido ma na kowa ne." Kyallu ta ƙanƙame rigata. Na waiga na ga sarkinsu yana gyangyaɗi a kan turmi da wata doguwar hula, na tambaya ko hular ma ta kowa ce. Suka ce sosai ma. Na fizge ta na kafa a kaina, na daka tsawa na ce sarki ya ba da umarni kowa ya juya baya ya rufe ido. Suka bi, don dai haka al'adarsu ta ce. Muka sulale, na bar musu hular a kan wani kututture a bayan gari. Ina jin har yau shi ne ke mulkinsu, kuma ba na zaton sun ga bambanci.

Daga nan muka hau Tudun Rufau, inda abin ya juye. Kowane mutum yana zaune a cikin ginin ƙasa mai kama da rumbu, da 'yar kafa ɗaya da yake leƙen duniya ta cikinta. Abin da mutum ya sani nasa ne shi kaɗai, ko ɗan cikinsa ba ya faɗa wa. Na ga wani magidanci yana ta goga duwatsu yana kuka, wai ubansa ya iya kunna wuta amma ya mutu da sanin. Na ga rijiyoyi birjik an fara an bari, kowa sai ya soma koyon haƙa daga farko. Na bi kafofin nan ɗaya bayan ɗaya ina tambayar hanyar Birnin Zubi, kowa ya ce ya sani, amma nasa ne.

Ruwanmu ya ƙare a tudun nan, idon Kyallu na hagu kuma ya rufe gaba ɗaya. Da haƙurina ya ƙare sai na tsaya tsakiyar rumbunan na ɗaga murya na ce, "To, mun gode! Mu mun tafi Birnin Zubi, ga hanya nan ta yamma, kowa ya sani." Wani tsoho mai baƙin rai bai iya jurewa ba, ya yi tsaki daga cikin rumbunsa ya ce, "Ji wawa! Wa ya taɓa zuwa Zubi ta yamma, ga kwarin jan dutse a arewa?" Sai kuma ya toshe kafarsa da tsumma don takaicin abin da ya yi. Muka bi kwarin jan dutse.

Birnin Zubi yana kwance a bakin wani tafki, gidajensa duk iri ɗaya daga waje. Da na ambaci sunan Hajo a bakin ganuwa aka kira mana wata mace siririya mai kaifin ido, aka ce ƙanwarta ce, Kande. Ta dube ni daga rawani har takalmi ta ce, "Kai ne mai sarewar? Ashe a kan wannan Yaya ta bar gari. Na zaci zan ga wani abin kirki." Sai idonta ya sauka kan Kyallu, wasan ya mutu a bakinta. Ta rungume ta tana tambayar ina Yaya. Na faɗa mata. Ta zauna a ƙasa daɓas ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Kande ce ta koya mini yadda garin yake. A Zubi kowace mace tana da gidanta, kuma ba a gina gida haka kawai. Daga zubin gidan uwa ake fitar da na 'ya, duk abin da ke cikin na uwa sai ya bayyana a na 'yar, sannan ita ta ƙara nata. Kowane gida kashi uku ne. Akwai zaure, wanda kowa zai iya shiga ya yi amfani da abin da ke ciki. Akwai tsakar gida, wadda daga mai gidan sai abin da ta haifa. Akwai ƙurya, wadda mai ita kaɗai ke buɗewa. 'Ya tana gadon ƙuryar uwarta da duk abin da ke ciki, ana gina ta a cikin gidanta, amma ba a yi mata ƙofa. In uwa tana son 'ya'yanta su amfana da abin da ta ɓoye, sai ta zuro igiya ta bango zuwa tsakar gida, in an ja igiyar abin da ke ciki ya yi aikinsa.

Na ce, "To maganin idon fa?"

Kande ta ce, "Yana ƙuryar mahaifiyarmu. Ita ta haɗa shi, ta ce in ta bar shi a tsakar gida yara za su yi ta taɓe-taɓe su lalata shi. Sai ta rufe, ta zuro mana igiya. Duk farkon damina kowace ta ja ta gidanta, idonta ya washe. Shi ya sa ba ka ganinmu nesa da gari."

Na ce ai magana ta ƙare, a gina wa Kyallu nata. Kande ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi yarinyar, ta fasa. Ta ce kawai, "A gina."

Magina suka taru a wani fili, suka sa Kyallu ta dafa ƙasa da hannu biyu. Na ga abin da ban taɓa gani ba. Gini ya riƙa tsirowa daga ƙasa, na kakannin farko ya fara fitowa, na kakarta ya hau kansa, na Hajo ya biyo, sannan nata. Da aka gama na kama hannunta muka shiga zaure, na nufi ƙofar tsakar gida, sai na ji kamar na bugi dutse alhali ƙofar a buɗe take. Na sake gwadawa, aka sake mayar da ni.

Babban magini ya ce, "Yi haƙuri, dattijo. Nan iyakarka."

Na ce, "Ni ne fa mijin uwarta! Ni na ja mata gora, ni na haƙa kabarinta!"

Ya ce, "Allah Ya ba da lada. Amma gida ba ya tambayar wa ya so ta, wa ta haifa yake tambaya."

Wannan magana ta ƙona ni ƙwarai. Duk zaman da na yi da Hajo, a gidan da ya fito daga nata rabona ɗaya da na mai tallan gyaɗa. Na haɗiye, don ba don kaina na zo ba. Kyallu ta shiga ita kaɗai tana lalube, don ko Kande ba ta da hurumi a tsakar gidan da ba nata ba. Ta ƙwala mini kira ta ce, "Baba, na samu igiyar!" Na ce ta yi bismilla ta ja.

Ta ja. Na tsaya ina jiran ta ce ta gani. Sai na ji busar sarewa ta taso daga cikin bango, busar wani saurayi mai haushin ciniki, wadda na nema shekara da shekaru ban samu ba. Ta hau, ta sauko, ta karkata inda na manta tana karkata. Da ta kai ƙarshe sai dariyar wata budurwa ta biyo, 'yar gajeriya, sannan ƙarar toshe gora. Na zame a jikin bango na zauna.

Kyallu ta fito, idonta yadda ya shiga. Ta ce, "Baba, muryar wa ke nan?" Kande ce ta ce, "Uwarki ce, kafin a haife ki."

Na juya kan Kande na ce ta faɗa mini gaskiya ko in haukace. Ta share ido ta ce a dokar Zubi 'ya tana iya sauya igiyar da ta gada da tata. Mai hankali takan ɗaura wutsiyar sabuwar a jikin tsohuwar, in an ja duka biyu su yi aiki. Hajo kuwa da ta dawo daga kasuwar nan ta sa goran a tata ƙuryar, ta zuro masa igiya, ta yanke ta mahaifiyarsu daga tushe, bango ya haɗe kamar ba a taɓa huda shi ba.

"Na zaci ko ta sake shawara kafin ta tafi," in ji Kande, "shi ya sa na yi shiru. Na roƙe ta, wallahi na roƙe ta. Ta ce ta san halinta. In ta bar igiyar nan, ranar da duhu ya fara mata za ta gudo gida ta bar ka, kuma ba za ta ƙara iya fita ba. Na ce, Yaya, 'ya'yanki fa? Ta ce 'yar baƙo idon ubanta za ta ɗauko."

Ku ji fa. Matar da na yi ta yi wa faɗa a kan taurin kai, ashe tun kafin ta zo mini ta riga ta ba da idonta. Na ji son ta ya taso mini, na ji haushinta ya taso, na rasa wanne zan fara yi wa kuka.

Ban yarda na sallama ba. Na ce Kyallu ta ɗaura igiya kai tsaye zuwa ƙuryar kakarta, magina suka ce 'ya ba ta tsallake uwa, iyakar hannunta igiyar uwarta. Na ce Kande ta ja tata ta ba mu maganin, ta ce igiyar gidanta idon mai gidan take wankewa, ta ja a gabana don kada in ce ta yi rowa, idonta ya ƙara haske, na Kyallu bai motsa ba. Na ɗauko gatari na zagaya bayan gidan, na sami daidai ƙuryar kakar. Kaurin bangon bai wuce tafin hannuna ba, har ƙamshin maganin nake ji, wani abu mai kama da kanumfari. Na ɗaga gatarin, babban magini ya riƙe hannuna ya ce in na fasa ƙurya gidan duka zai rushe, kuma a Zubi gida ba ya rushewa ya bar mai shi da rai. Na yar da gatarin na kifa goshina a bangon nan na yi kukan da ko ranar jana'izar Hajo ban yi ba.

Kyallu ce ta zo ta ɗaga ni. Saura mata ɗan haske a idon dama, wanda in ta lallaɓa shi zai kai ta wata damina. Ta tambayi magina ko ita ma tana da ikon yin tata igiyar. Suka ce tana da shi. Ta tambaya ko dole ne ta bar ta a tsakar gida. Suka ce a'a, 'ya ba ta iya ƙuntata abin da ta gada, amma tana iya faɗaɗa shi. Sai dai aikin na mai gida ne ita kaɗai, kuma zaren siriri ne, sai an ƙura masa ido an zura shi ta kafofin bango masu yawa. Kande ta ce idon da ya rage mata ba zai jure ba.

Na ce, "Kyallu, ban yarda ba. Adana abin da ya saura, ki ga ruwan tafki, ki ga fuskar innarki Kande."

Ta ce, "Baba, tafiya zai yi ko na so ko ban so ba. Gara in kashe shi da hannuna a kan abin da na zaɓa. Kai ka busa sarewar nan, uwata ta adana busar, sannan a ce sai ta bayan bango za ka ji, sai kuma in ina kusa? Ban ga dalili ba."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na ƙi cin tuwo. Ta ce in na gama tuwon yana nan a rufe. Daga nan na san na sha kaye.

Ta zauna a tsakar gida tana zurawa, ni ina zaure ina jin numfashinta. Ba ta yanke ta uwarta ba, ta ɗaura tata a jikinta da kyau, ta bi bango da ita kafa bayan kafa. Tata ƙuryar kuwa ta ce a bar ta wayam, ba za ta rufe wa 'ya'yanta komai ba. Rannan da hantsi na ga bakin zare ya leƙo ta bangon zaure. Na kama shi na jawo. Kyallu ta fito tana dafa gini, ta juya fuskarta wajen da ba nan nake ba, ta ce, "Baba, ya fito?"

Na ce ya fito.

Ta ce, "To ja mana."

Tun daga ranar ban ƙara ɗaura wa jaki mangala ba. Nan nake zaune, a iyakar inda gidan ya yarda da ni. Maganin yana bayan bangon can, in damina ta kusa har nan ƙamshinsa ke zuwa. Kyallu tana ciki, yanzu za ku ji ta fito da sandarta, don duk lokacin da aka ja igiyar sai ta fito ta tsaya har ƙarshe. To, kun ji labarin. Igiyar ta kowa ce, duk wanda ya so a cikinku ya tashi ya ja. Abu ɗaya nake roƙo: in sarewar ta ƙare kada kowa ya yi magana, akwai saura kaɗan a bayanta.